Sa Hannun Mutum Uku

A takardun ƙungiya sakatare aka rubuta masa, amma kowa Mai Kujeru yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Ya samo sunan ne daga Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, ranar da masu ƙananan kamfanonin manhaja ke taruwa a wani ɗakin taro da makarantar koyon kwamfuta ta ara musu a hawa na biyu. Shi zai zo tun da hantsi ya kwaso kujerun roba daga sito, biyar-biyar a kafaɗa, ya hau da su bene, ya goge, ya jera, ya gwada majigi. In an watse, shi zai mayar. A guruf ɗin waya kuwa mutum ɗari biyu ne da 'yan kai, kowa da babban yatsansa a sama. "Muna tare, Sakatare." "Allah ya ba da lada." Shi dai bai taɓa ganin yatsan nan ya ɗauki kujera ba.

Ba wanda ake biya a ƙungiyar, aikin sa kai ne tun daga sama har ƙasa. Abin da ya riƙe shi shekara shida, har nasa ɗan kamfanin ya zama kamar maraya, abu ɗaya ne: Jerin Amintattu. Shi ya kawo shawarar. Ya lura yaran nan suna ƙera manhaja mai kyau, amma mai shago ba ya yarda da abin da bai san asalinsa ba. Sai aka tsara cewa duk kamfanin da ke son hatimin ƙungiya ya miƙa manhajarsa, mutum uku daga cikin manya su yi aiki da ita mako biyu kamar su suka saya, sannan kowa ya sa hannu a fom. Ya nace sai uku. Mutum ɗaya, in ji shi, kunya tana iya kama shi, biyu suna iya haɗa baki, amma uku da wuya su makance tare. Yanzu manhaja arba'in da ɗaya ke cikin jerin, kuma Asabar mai zuwa ƙungiyar masu kemis za ta turo wakilai ta amince da shi a gaban kowa.

Ranar Talata da azahar yayarsa ta kira shi.

"Kana ina? Bar abin da kake yi ka zo shago."

Yaya ta fi shekara ashirin tana riƙe da kemis ɗinta a bakin titi, kusa da mai gyaran taya. Ita ta raine shi, kuma har yau in ta kira shi da wannan muryar sai ya ji kamar ya fasa kofi. Ya same ta a bayan kantar shago, kwalbar maganin zazzaɓin yara a gabanta.

"Karanta."

Ya ɗaga kwalbar. Wa'adinta ya ƙare wata huɗu da suka wuce.

"Jiya na sayar wa wata mata. Ta ba yaron cokali biyu, zazzaɓi ya ƙi sauka, sai mijin ya duba gindin kwalba. Da safen nan ya zo ya tsaya a ƙofar nan yana faɗa wa duk mai wucewa. Yaron dai Allah ya kiyaye, an kai shi asibiti, ya samu sauƙi. Ni kuwa tunda na buɗe shagon nan ba a taɓa nuna ni da yatsa ba sai yau."

"Manhajar da ke bin wa'adin kaya ba ta yi gargaɗi ba?"

"Tambayata kake yi? Kai ka ce in saya. Ka ce ku uku kun gwada, har ka nuna mini sa hannunka a waya kana murmushi. Da jan birona nake bin kowane katan a farkon wata, ka ce, Yaya, wannan wahalar ta wuce, kwamfuta za ta riƙa yi miki. Na ajiye biro. To ga ta nan, tambaye ta."

Ya ja kujera ya zauna gaban kwamfutar. Ya shigar da katan na gwaji mai tsohon wa'adi, gargaɗi ya fito ja wur. Ya shigar da sabon katan na irin maganin, mai wa'adin shekara biyu. Jan ya ɓace. Manhajar ta ɗauki ranar sabon katan ta shafa wa duk na kan kanta, tsoho da sabo. Ya dubi agogon bango. Minti goma sha biyar ke nan da zamansa.

Wannan minti sha biyar ɗin shi ya fi ci masa rai. Mako biyu aka ba shi, bai buɗe ta ko sau ɗaya ba. Ya tuna ranar sarai: an tashi taro, yana haki, aka miƙo masa fom, ya ɗora a kan tarin kujeru. Ya ga sa hannun Shugaban ƙungiya, ya ga na wanda suke kira Lauya a ƙasa. Ya ce a ransa, abin da waɗannan biyu suka tace, me ya rage? Ya rattaba nasa ya ci gaba da kwasar kujeru.

"Ka yi shiru," in ji Yaya.

"Zan gyara, Yaya."

"Tashi ka fara da kantar can ta sama, ni gwiwata ba ta hawa."

Sai la'asar sakaliya suka gama. Kwalba goma sha tara da kwali shida suka fitar.

Ya kira taron gaggawa na kwamiti ranar Alhamis a ofishin Shugaba. Mutum tara ne a kwamitin. Takwas suka ɗaga yatsa a guruf, biyu suka zo, ɗaya ma don ofishinsa ne. Shugaba injiniya ne na shekara ashirin, mai faɗin kafaɗa da son a ɗauke shi hoto daga hagu. Lauya kuwa bai taɓa shiga kotu ba, mai manhajar makarantu ne, sai dai shi ya rubuta dokokin ƙungiya kuma ya haddace su kamar karatun yara.

Mai Kujeru ya ajiye kwalbar a kan tebur ya yi bayani. Shago ashirin da uku ke aiki da manhajar.

"Abu mai sauƙi," in ji Lauya. "Sashe na bakwai. Kamfanin da aka samu aibi a kayansa, a cire shi daga jeri. A rubuta wa yarinyar nan mai manhajar takarda."

"Bayan Asabar," in ji Shugaba. "Kafin nan a bar kaza cikin gashinta. Ita ta kira masu shagunanta ta ba su haƙuri, ai kwastomominta ne. Mu ba ruwanmu."

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. A cikinmu wa ya gwada?"

Shugaba ya gyara zaman agogonsa.

"Ni na fara sa hannu, ka sani. Makon da aka kawo ta tafiya ta kama ni. Na ce ai Lauya na biye da ni, mutumin da ko waƙafi bai bari ya wuce."

"A'a, Shugaba, kar ka shafa mini," in ji Lauya. "Ni da na ga hannunka, wane ni in bi bayan injiniya da fitila? Kuma na san takarda za ta biya ta wurin Sakatare. Wa bai san Mai Kujeru ba? Mutumin da ke duba ƙafar kujera kafin ya bari a zauna."

Suka juyo gare shi tare, kamar masu jiran ya cece su.

"Ni ma ban buɗe ba," ya ce. "Na ga naku."

Shugaba ya fashe da dariya, har da buga tebur. "To ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso mu! Shi ke nan, magana ta mutu a ɗakin nan."

Shi bai ga abin dariya ba. Abin da ya gina don kada mutum ɗaya ya yi sakaci, shi ne ya ba mutum uku damar yin sakaci da kwanciyar hankali. Da shi kaɗai ne mai sa hannu, ya sani, da ya kwana uku a kan manhajar nan.

"Za mu cire ta kan aibin da aka ba mu mako biyu mu gano," ya ce, "mu kuma mu zauna a kujerun gaba a tafa mana?"

"Kai dai ka cika son wahalar da rai," in ji Shugaba. "Shekara shida kana ɗaukar kujera don ranar nan. Kamfani arba'in na jiran masu kemis su buɗe musu ƙofa, bayansu asibitoci na tafe. Za ka ƙona rumbu don ɓera ɗaya? Yaran nan me suka yi maka?"

Wannan ta shige shi, domin ba ƙarya ba ce. Ya ɗauki kwalbarsa ya fita bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba.

Daga nan ya wuce wurin mai manhajar. 'Yar Kemis ake ce mata, don ta yi shekara biyar tana miƙa magani a shagon wani kafin ta koya wa kanta rubuta manhaja, kamar yadda shi ma ya koya, daga littattafan aro da wayar da allonta ya tsage. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon buga takardu, injin yana girgiza bango. Ya same ta da waya a kunne, takardar sunayen shaguna a gabanta, ta soke goma sha huɗu.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Yayarka ta riga ka, ta wanke ni tas. Na toshe ɓarakar tun jiya. Ka zo da takardar kora ne?"

"Na zo in ji."

Ta juyo masa da kwamfutarta. Shafin masu gwaji ne, sunaye uku da ta buɗe musu wata takwas da suka wuce. A gaban kowane suna rubutu iri ɗaya: bai taɓa shiga ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka ba ni hatimi." Ta janyo kwafin fom ɗin daga aljihun tebur ta juya bayansa. "Ga kuma wannan, ban sani ba ko an gani."

Da rubutun hannunta ne, a akwatin ƙarin bayani: Don Allah a duba mini wajen shigar da sabbin kaya, ni kaɗai na rubuta shi kuma hankalina bai kwanta ba. Ya ma manta fom ɗin yana da baya, shi da ya tsara shi.

"Me ya hana ki magana?"

"In je in ce wa Shugaba ƙarya ya yi? Ni wa? Wata bakwai ina jiran layi, shago tara sun ce ba hatimi ba ciniki. Da na ga an buga, sai na ce wa kaina wataƙila sun gwada ta wata hanyar da ban sani ba. Na san ba wata hanya. Nawa laifin ke nan, ban ɓoye shi ba." Ta tura masa takardar shagunan. "Amma ga abin da ya fi damuna. Ina kira ina cewa a sauke kaya a duba da ido. Huɗu sun ce mini, 'Haba 'yar nan, abin da injiniyoyi uku suka yi mako biyu a kansa? In ma akwai matsala ƙarama ce, sai mun samu sarari.' Wani ma cewa ya yi wayo nake so in yi masa, in sayar masa da sabuwa. Hatiminku ya fi bakina ƙarfi, Yallaɓai. Me zan ce musu?"

Ya karɓi lambobin huɗun ya kira su da kansa a tsaye a bakin ƙofa, yana toshe kunne ɗaya saboda ƙarar injin. Uku suka ce to. Na huɗun ya ce, "Amma ai kun gwada ko?" Ya ji bakinsa ya ce, "Ka dai duba kayanka, Alhaji," ya kashe wayar, kunya ta rufe shi har wuya.

A hanyar gida wata tambaya ta bi shi kamar ƙuda. Sauran arba'in ɗin fa? Na farko-farko ya tuna ya gwada su da gaske, har ya yi faɗa da wani kan maɓallin da ba ya aiki. Daga baya kuwa, da layi ya yi tsawo, masu sa kai suka yi ƙaranci, sai ya kasa tuna wanne ya buɗe, wanne ya ɗora a kan kujeru. Ya rubuta wa kowane kamfani shi kaɗai, ba a guruf ba: a turo masa shafin masu gwaji. Kafin la'asar ɗin Juma'a ashirin da shida suka amsa. A goma sha ɗaya duk ukun sun shiga. A tara mutum ɗaya ne. A shida ba kowa. Kuma duk masu kamfanonin nan sun sani, kowa ya rufe bakinsa ya rataye hatiminsa.

Matarsa ta same shi a tsakar gida yana kallon wayar kamar mai karanta sakamakon asibiti.

"Mai Kujeru, yau kuma wa ya ƙi zuwa taro?"

Ya gaya mata komai. Ta saurara tana ninke kayan yara.

"In ka faɗa, za su tsane ka. In ka yi shiru, ni za ka hana sakat, don na san halinka, shekara goma za ka yi kana juya shi. Ni dai na gaji tun yanzu."

Asabar ya jera kujera sittin, kuma a karon farko suka yi kaɗan. Waɗanda bai taɓa gani ba sai a hoton guruf duk sun zo, an sha guga, ana ta rungumar juna. Wakilan masu kemis su biyar suna layin gaba, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau da fayil a cinya. Yaya tana can baya ta harɗe hannu. Shugaba ya yi jawabi mai daɗi kan amana, ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa suke sa uku. Aka tafa. Sannan ya ce Sakatare ya haska jerin a bango.

Mai Kujeru ya haska fom ɗin 'Yar Kemis, sa hannu uku reras. Kusa da shi shafin nan mai cewa bai taɓa shiga ba, sau uku.

"Na ƙasan nan nawa ne," ya ce. "Na rantse da shi cewa na yi mako biyu ina gwada manhajar nan. Ban buɗe ta ba. Saboda haka an sayar wa wani yaro maganin da ya lalace a shagon yayata. Duk mai aiki da ita ya sauke kayansa yau ya duba da idonsa, kada ya dogara da hatiminmu. Ba ita kaɗai ba ce. Cikin arba'in da ɗaya, goma sha ɗaya kawai zan iya dafa ƙirji a kansu."

Ɗakin ya ɓarke da hayaniya. Wani daga tsakiya ya miƙe yana cewa nasa na cikin sha ɗayan, a faɗi sunaye yanzu. Wani ya ce hassada ce. Lauya yana ɗaga littafin dokoki yana kiran sashe na goma sha biyu, ba mai jin sa. Dattijuwar ta rufe fayil ɗinta a hankali ta cire tabarau.

"Ɗana, na gode da ka faɗa kafin in sa nawa hannun, da mun zama huɗu. In kun gwada da gaske, kun san inda muke." Ta tashi, mutanenta suka bi ta.

Shugaba ya matso har yana jin numfashinsa. "Ka huta? Ka wanke kanka da ruwan mutum arba'in. Yaron da ke can ƙofa, nasa an gwada shi ciki da bai, yau ya rasa shago talatin saboda tsarkinka. Je ka gaya masa gaskiya ta yi halinta."

Mai Kujeru ya dubi yaron da ake nufi, wani mai manhajar lissafin kaya, yana tsaye ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Kafin a gama watsewa ya ɗaga murya ya ce za a sake gwajin duka, a ɗakin nan, kowace Asabar, kwamfuta a kan tebur, ido na ganin ido. Yaya ce ta tsaya ta riƙe masa ƙofa yana sauke kujeru. Ba ta ce ya kyauta ba. Cewa ta yi, "Na sayi sabon jan biro," ta tafi ta buɗe shago.

A makon nan mutum hamsin suka fice daga guruf, Shugaba ya daina amsa gaisuwarsa. Sanarwar sake gwaji kuwa ta samu yatsa talatin da bakwai. Ya daɗe da sanin kuɗin yatsa, don haka Asabar ta gaba kujera shida ya hau da su.

'Yar Kemis ta zo da kwamfutarta da katan biyu na kwalaben wofi, ɗaya mai tsohon wa'adi, ɗaya mai sabo. Can wajen sha ɗaya sai ga Lauya yana share gumi.

"Kada ka ɗauka na zo don kana da gaskiya," ya ce. "Ka karya sashe uku a jawabi ɗaya. Na zo ne don sunana na jikin bangon nan."

"Zauna dai, Lauya, kujera ba ta tambayar dalili."

Ba wanda ya ƙara zuwa. Mai Kujeru ya fara. Ya shigar da kaya, ya fitar, ya cire wayar wuta ana tsakiyar aiki, ya sa ranar da babu ita a kalanda, ya gano wani ƙaramin aibi a wajen buga rasit, 'Yar Kemis ta rubuta. Ya yi awa biyu kansa a sunkuye. A ransa yana lissafin manhaja talatin, mako biyu-biyu, mutum biyu: fiye da shekara, in ba wanda ya yi ciwo. Lauya yana gefe yana amsa waya, yana leƙowa jefi-jefi yana cewa madalla.

Da aka kira azahar Lauya ya miƙe ya yi miƙa, ya janyo sabon fom daga kan tebur ya zare biro daga aljihu.

"To, ai na ga ka bi ta lungu-lungu. Sa naka in sa nawa a ƙasa, ina da wurin zuwa."

Mai Kujeru ya dube shi. 'Yar Kemis ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ya zare fom ɗin daga hannun Lauya, ya ninke shi huɗu ya sa a aljihun rigarsa. Sannan ya juya kwamfutar ta fuskanci kujerar Lauya, ya tura masa katan biyun da ƙafa.

"Fara da tsohon," ya ce.